Hoton IRM na matsarmama da pankireyas: wace hanya ta dace da wane maras lafiya?

Idan idanun mutum suka koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, bayan gidansa kuma ya yi fari-fari, abin da jama'a kan ce shi ne shawara ta kama shi. A wurin likita kuwa shawara alama ce kawai, kuma a bayanta akwai abubuwa uku da za a bambance. Ko dai hanta ce ta kamu, kamar a ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashen Sahel, ko jini ne ke farfashewa fiye da ƙima, kamar a wurin masu amosanin jini da ake kira sikila, ko kuma hanyar da ruwan matsarmama ke bi zuwa hanji ce ta toshe. Gwajin jini da hoton eko su ke fara nuna inda matsalar ta karkata. Idan zato ya faɗa kan toshewa, kuma eko bai nuna abin da ya toshe hanyar ba, sai likita ya rubuta a takarda cewa a je a yi “bili-IRM”.

Wannan ƴar kalma nauyi ce babba ga iyali. Na'urorin IRM ba su da yawa a Nijar, mafi yawansu kuma a Yamai suke. Wanda aka tura can daga Tawa zai yi tafiyar sama da kilomita 500, na Damagaram kuma kusan 900, ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin hoton da ya ninka na eko sau da yawa. Wasu mutanen Maraɗi kan ga Katsina ko Kano sun fi musu kusa. Duk da wannan wahala, hoton na iya fitowa dishi-dishi har ya kasa amsa tambayar da aka je dominta. Dalilin sau da yawa ba ya wuce wannan: akwai hanyoyi dabam-dabam na ɗaukar hoton a na'ura guda, kuma ba kowace ce ta dace da kowane maras lafiya ba.

Abin da ake son gani

Hanta kan samar da ruwan matsarmama kimanin rabin lita zuwa lita guda a yini. Ruwan na fitowa ta ƙananan magudanai da suka bazu cikin hanta kamar rassan gawo, su yi ta haɗuwa har su zama babbar magudana guda da ke gangarawa zuwa farkon ƙaramin hanji. Matsarmama jaka ce a gefen wannan hanya, tana ajiye ruwan kafin a ci abinci. Faɗin babbar magudanar a wurin mai lafiya bai cika wuce milimita 6 ko 7 ba.

Pankireyas kuwa wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi. An fi saninta da insulin, saboda masu ciwon suga, amma tana kuma zubo ruwan narkar da abinci, fiye da lita guda a yini, ta wata siririyar magudana da faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Magudanar tana ɗauke da sunan Wirsung, likitan da ya bayyana ta a birnin Paduwa na Italiya a 1642. A wurin yawancin mutane magudanan biyu suna haɗuwa a ƙofa ɗaya kafin su shiga hanji. Shi ya sa tsakuwa guda da ta gangaro daga matsarmama ta maƙale a wannan ƙofa za ta iya jawo shawara da kumburin pankireyas a tare, ƙari a kan pankireyas kuma zai iya matse hanyar matsarmama. Masu sikila sun fi kowa sanin tsakuwar, domin farfashewar jini na tara ta tun suna yara.

Kafin IRM, hanyar ganin waɗannan magudanai ita ce a zura bututu mai kyamara ta baki har hanji, a tura ruwan da ke fitowa a hoton radiyo. Likitoci na kiran aikin CPRE, an fara shi a Amurka a 1968. Yana da amfani har gobe, tunda da shi ake iya ciro tsakuwa ko sanya ɗan bututu a inda ya matse. To amma yana da haɗari: tsakanin mutum 3 zuwa 10 cikin 100 da aka yi wa kan samu kumburin pankireyas bayansa. A 1991 wasu likitocin Jamus suka wallafa hotunan farko na waɗannan magudanai da IRM, ba bututu, ba allura, ba hasken radiyo. Tun daga nan aka riƙa barin CPRE ga wanda aka riga aka san akwai abin da za a cire masa.

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Na'urar na da ƙaƙƙarfan maganaɗisu, tana aika igiyar rediyo cikin jiki, sannan ta saurari amon da ruwan jiki ke mayarwa. Amon tsoka da kitse na mutuwa da wuri, na ruwan da ke tsaye wuri ɗaya kuwa yana daɗewa. Kamar a buga ƙwarya da tasar ƙarfe ne a lokaci guda: ƙarar ƙwarya ta ɗauke nan take, tasa tana ta amo. Idan na'ura ta ɗan jira kafin ta saurara, sai komai ya yi baƙi a hoton, ruwan matsarmama da na pankireyas kaɗai su fito fari fat. Tsakuwa kuma ta bayyana kamar baƙin rami a cikin farin.

Abin da ke dagula lissafi shi ne numfashi. Duk shaƙa da fitarwa, hanta da pankireyas kan motsa santimita ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Ana neman ganin magudana mai milimita 3 a cikin gaɓar da ke motsin milimita 20. Kusan duk bambancin da ke tsakanin hanyoyin ɗaukar hoton, bambanci ne na yadda kowace ke fama da wannan motsi.

Mai sauri da mai zurfi

Tsohuwar hanya, wadda ake rubutawa 2D a takardar sakamako, gudu take yi ta riga numfashi. Na'ura kan ɗauki yanki mai kauri na ciki, santimita 4 zuwa 8, ta matse shi a hoto guda cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ana maimaitawa ta kusurwoyi da dama. Tushen dabarar aikin Jürgen Hennig ne a Firaibug ta Jamus a 1986, kamfanoni kuma sun raɗa wa irinta sunaye kamar HASTE da SSFSE. Kyawunta shi ne kusan kowa na iya riƙe numfashi na daƙiƙa uku, har tsoho, har mai asma, har wanda ciwo ya galabaitar. Hoton na nuna taswirar hanyoyin baki ɗaya, inda suka buɗe da inda suka tsaya. Raunin nata kuma daga kaurin yake. Tunda an tattara komai a shafi ɗaya, farin ruwan da ke gaba da bayan ƙaramar tsakuwa na iya rufe ta, ruwan tumbi ma na iya hawa kan magudanar. Don rage wannan ake ƙarawa da yanka-yanka masu sirantar milimita 3 zuwa 5.

Hanya ta biyu, 3D mai bin numfashi, ita ce ta zama gwanar asibitoci da dama. A nan ba a ce wa mutum ya riƙe komai ba. Ana ɗaura masa ɗamara a ciki, ko na'ura ta riƙa lura da motsin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai ta ɗauki ɗan yanki na bayanai duk lokacin da numfashi ya sauka daidai wuri guda. A hankali take tara hoton, yanka kusan milimita 1 kowanne, wanda likita zai iya juyawa a kwamfuta ta kowace fuska. Idan ta yi kyau babu kamarta wajen nuna ƙananan rassa cikin hanta, da ƴan magudanan gefen pankireyas, da yadda hanyoyin wani mutum suka saɓa da na yawancin jama'a. Wannan na ƙarshe na da muhimmanci ga likitan fiɗa, domin yanke magudanar da ba ita ba a lokacin cire matsarmama rauni ne da mutum kan daɗe yana jinyarsa.

Sai dai tana cin minti 3 zuwa 6, kuma duk tsawon lokacin tana buƙatar numfashi mai tsari. Wanda barci ya fara ɗauka, ko mai tari, ko mai tsoron ramin na'urar da ƙararta, ko mai zafin ciki da ke numfashi sama-sama, duk suna wargaza ta. Lokacin sai ya ƙara tsawo, hoton kuma ya fito da inuwa. Abin takaicin shi ne waɗanda suka fi buƙatar hoton, wato masu ciwo sosai, su ne suka fi kasa ba ta abin da take so.

Wannan giɓi ne hanya ta uku ta zo cikewa: 3D a riƙon numfashi guda. A 2007 masu bincike a jami'ar Sitanfod ta Amurka suka nuna cewa ba dole ba ne na'ura ta tattara dukan bayanai. Za ta iya ɗaukar kaɗan a warwatse, kwamfuta ta lissafa sauran. Dabarar ta dace da wannan hoto ƙwarai, tunda mafi yawansa baƙi ne, farin kaɗan ne. Da ita aikin minti biyar ya koma daƙiƙa 15 zuwa 20. Kamfanin Philips na sayar da ita da sunan Compressed SENSE, GE kuma da sunan HyperSense. Binciken da aka yi ta kwatantawa ya karkata ne ga abu ɗaya: wajen manyan magudanai sabuwar hanyar na kamo tsohuwar, takan ma fi ta a wurin mai numfashi marar tsari, amma wajen ƙananan rassa mai bin numfashi na riƙe da gabanta muddin mutum ya natsu. Kuma daƙiƙa 20 ba wasa ba ce ga dattijon da ruwa ya taru a cikinsa. Ga shi sai sabuwar na'ura da manhajar da aka saya dabam ke yin ta, don haka ba kowane wuri mai IRM ke da ita ba.

Saboda haka ƙwararrun ma'aikata ba su cika tsayawa kan hanya ɗaya ba. Sukan fara da 2D, wadda da wuya ta gaza, su bi da 3D wadda ta dace da numfashin wanda ke kwance. Zama gaba ɗaya kan ɗauki minti 20 zuwa 40. Wurin da ya ɗauki hanya ɗaya tak ya sallami mutum, ko da hoton ya fito da inuwa, bai yi masa adalci ba.

Inda allura ke shigowa

Duk hanyoyin da aka ambata sura suke nunawa, ba aiki ba. Akwai tambayoyin da sai an ga ruwan yana tafiya. Ga pankireyas ana amfani da sekiretin, sinadarin da hanji ke fitarwa don ya umarce ta ta zubo ruwa. Shi ne homon na farko da aka gano, a Landan a 1902. Idan aka yi allurarsa a jijiya, sai a riƙa ɗaukar hoton 2D mai sauri duk bayan daƙiƙa 30 har minti 10. Magudanar kan buɗe a mintunan farko sannan ta koma yadda take, ana kuma ganin yawan ruwan da ya zuba hanji. Ta haka ake kama farkon lalacewar pankireyas, da ƙaramin matsi, da wata halitta da ke wurin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 inda magudanan pankireyas biyu ba su haɗe ba tun a cikin uwa. A nan tsohuwar 2D ce ke da rana, tunda sauri ake nema. Sekiretin dai na da tsada da wuyar samu, kuma ba a yin sa ana tsakiyar kumburin pankireyas.

Ga matsarmama kuma akwai wani ruwan allura mai suna Primovist. Rabinsa ƙoda ke fitarwa, rabi hanta ke tsotsewa ta zubar cikin ruwan matsarmama, sai hanyoyin su haskaka bayan kimanin minti 20. Babban amfaninsa shi ne gano yoyo bayan tiyata. Hoton da ba allura zai nuna ruwa ya taru kusa da hanta amma ba zai faɗi ko daga ina yake ba. Idan aka ga ruwan allurar ya malala cikinsa, an san magudana ce ta huje, an kuma ga inda hujin yake. Wani abin lura shi ne idan shawara ta yi tsanani hanta ba ta iya tsotsar maganin sosai, don haka ba shi ne abin nema ba ga wanda hanyarsa ta toshe ɗungurungum. Masu ciwon ƙoda mai tsanani da mata masu juna biyu sai an yi taka-tsantsan da duk allurar IRM.

Idan ƙari ake zato, hoton magudanai kaɗai bai isa ba. Zai nuna cewa hanyoyin biyu sun kumbura sun tsaya cak a wuri guda, alamar da ke tayar wa likitoci hankali, amma ganin ƙarin kansa sai an haɗa da hotunan tsoka da allura. Wajen sanin ko ƙarin pankireyas ya kama jijiyoyin jini har ya hana fiɗa, sikanar mai allura ce likitoci suka fi farawa da ita, kuma ta fi IRM samuwa. IRM ta fi ta ne a kan ƙulli mai ruwa da ƙananan ɗigo a hanta.

Ƙarfin maganaɗisu da abin da ya fi shi

Ana auna ƙarfin na'ura da tesla. Mai 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000, mai 3 kuma ta ninka wannan sau biyu. Mutane kan ɗauka babbar lamba ita ce gaskiya. Mai 3 na ba da hoto mai kaifi a ƙananan rassa, haka ne, amma ta fi rikicewa idan akwai ruwa da yawa a ciki, ko iska a hanji, ko ƴan ƙarafan da aka bari bayan tiyata. Ga tambayar yau da kullum, wato akwai tsakuwa ko babu, ina toshewar take, mai 1.5 a hannun wanda ya iya ta wadatar. Waɗanda ke da rauni a wannan aiki su ne na'urori masu buɗaɗɗen gefe na 0.2 zuwa 0.5, da suka fi dacewa da gwiwa ko kashin baya. Manyan kuwa sai an riƙe maganaɗisunsu cikin sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri da ruwan heliyom, dare da rana, abin da ke buƙatar wutar da ba ta yankewa a garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40. Yana da kyau a buga waya a tabbatar na'ura na aiki kafin a hau mota.

Alƙaluman ƙungiyar Cochrane na 2015, da suka tattara bincike da dama, sun nuna matsayin kowane gwaji wajen tsakuwa a babbar magudana. Eko na ciki na kama kimanin 73 cikin 100, IRM 93, eko da ake yi ta bututu daga cikin tumbi kuma 95. Waɗanda ke kuɓuce wa IRM galibi ƙanana ne, ƙasa da milimita 5. Takan kuma yi ƙarya ta ɗaya ɓangaren. Kumfar iska a magudana, musamman ga wanda aka taɓa yi wa CPRE, baƙa take fitowa kamar tsakuwa. Ana bambance su ne da cewa iska na tasowa sama, tsakuwa na nutsewa ƙasa. Jijiyar hanta da ta gitta magudana na iya sa ta yi kamar ta matse. A ƙasashe masu zafi ma akan ga dogon baƙin layi cikin farin, ashe macijin ciki ne ya hauro daga hanji.

Abin da maras lafiya zai iya yi ya fi yadda ake zato. Ana son ya yi awa 4 zuwa 6 bai ci bai sha ba, don matsarmama ta cika, tumbi ya zama fanko, hanji ya lafa. Ko kunu ko fura na ɓata wannan shiri. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da maganinsa tun kafin ranar. A wasu asibitoci sukan ba mutum kofin tataccen ruwan abarba jim kaɗan kafin ya shiga, saboda sinadarin manganis da ke cikinsa na baƙanta ruwan tumbi da na hanji a hoton, magudanai su fito su kaɗai. Ma'aikata ne ke ba da shi idan suna so, kuma lemun kwalba mai ƙamshin abarba ba ya wannan aiki.

Sai batun harshe, wanda ba a cika kula da shi ba. A cikin na'ura mutum shi kaɗai yake, umarnin “shaƙa, riƙe, saki” ta lasifika yake zuwa a tsakiyar ƙara. Wanda ba ya jin Faransanci, ko kunnensa ya yi nauyi, gara ya faɗa tun a waje, a gwada masa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko harshen da yake ji, a kuma ƙirga daƙiƙa nawa yake iya riƙewa. Wannan ƙirga ta minti ɗaya ita ke gaya wa ma'aikaci hanyar da zai zaɓa. Zobe, ɗan kunne, awarwaro, waya, maɓalli da layar da ba a san abin da ke cikinta ba duk a waje suke tsayawa. Mai na'urar bugun zuciya, da wanda harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga jikinsa, musamman maƙera da masu walda a ido, dole su sanar.

Akwai kuma wanda bai kamata ya tsaya jiran layin IRM ba. Shawara tare da zazzaɓi mai makyarkyata da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama alama ce cewa ruwan da ya toshe ya kamu da ƙwayoyin cuta. Wannan na iya kisa cikin kwanaki kaɗan, maganinsa kuma kwanciya asibiti ne da buɗe hanyar, ko an samu hoton ko ba a samu ba.

Idan an gama, a nemi faifan CD tare da takardar sakamako. Kyakkyawan hoton da ake bugawa a fim, mai kama da bishiya fara a baƙin fili, haɗe-haɗe ne da kwamfuta ta yi daga ɗaruruwan siraran yanka, kuma wajen haɗawar ƙaramar tsakuwa na iya ɓacewa. Likitan fiɗa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa da zai yanke shawarar buɗe ciki, siraran yankan yake buƙatar dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a faifan kaɗai suke.